Kundin Aikin Tare Kwazazzabon Burtali

16 ga Nuwamba, 2024

Yau aka kafa kwamitin a ƙofar gidan Dagaci bayan la'asar, aka ɗora mini rubutu tunda ni ke koyar da labarin ƙasa a sakandaren garin. Zan riƙa rubuta abin da muka yi da yadda ƙasa ta karɓe shi, don waɗanda za su gaje mu su san inda aka kwana.

Garinmu yana kudancin Kano, a ƙasar Rano, inda duwatsu ke tsaitsaye a tsakiyar gonaki. Dutsenmu yana kudu maso gabas da gari. Daga gindinsa ƙasa ta gangaro a hankali, gonakin dawa da gyaɗa da waken suya, har zuwa korama da fadama ta arewa. Tsakanin gonakin akwai tsohon burtali da shanu ke bi zuwa mashaya, shi ne ya koma kwazazzabo. Dattawa sun ce suna samari yaro ma tsallake shi yake. Yau in mutum ya tsaya a tsakiyarsa ya ɗaga hannu, na waje ba ya hango yatsunsa. Kansa ya rabu biyu, reshe ɗaya ya doshi maƙabarta, ɗayan ya doshi katangar firamare. Daminar bana ta tafi da kusurwar gonaki uku da wata tsohuwar ɗorawa.

Labarin fashewar madatsar Alau a watan Satumba da yadda ruwa ya malale Maiduguri yana bakin mutane har yanzu, shi ya sa taron ya cika maƙil. Yawancin waɗanda suka yi magana bakinsu ɗaya: a yi karo-karo a sayi siminti a toshe bakin ramin. Na roƙi a ba mu lokaci mu bi ruwan tun daga inda yake tasowa kafin a taɓa ko kwabo. Dagaci ya amince.

30 ga Nuwamba, 2024

Mun kafa alamomi. Guntayen rodi ne da maƙeri ya yanka mana, muka shafa musu jan fenti muka kakkafa nesa da gaɓa, kowanne da lambarsa, sannan muka auna tazarar da ke tsakaninsa da bakin ramin da tef ɗin magina. Gobe in wani ya ce kwazazzabo ya ƙaru ko ya tsaya, rodin nan ne zai raba gardama.

Na shiga cikin ramin da ɗaliban babban aji. Sama-sama a bangon akwai baƙar ƙasa mai saiwoyi, kaurinta bai wuce tafin hannu ba, kuma ita ke ciyar da garin nan kaf. Ƙarƙashinta jar ƙasa mai yumɓu. Sai siririn layi na tsakuwa da burji. Daga nan har ƙasa wani abu ne da ido zai rantse dutse ne, da ɗigo-ɗigon fari da ja-ja da baƙi irin na dutsenmu sak, amma kana kama shi sai ya marmashe. Wani yaro ya ɗebo ya murza a hannu ya ce, “Malam, ai dutsen ruɓewa ya yi.” Haka ne kuwa, kuma a nan ciwon yake. Ruɓaɓɓen dutsen ya fi jar ƙasar da ke samansa taushi. In ruwa ya zubo daga gaɓa ya daki ƙasan ramin, sai ya yi ta ƙwaƙular mai taushin har ya yi kogo. Jar ƙasar ta rasa matallafi, ta tsage, ta rufta. Ruwa na gaba ya kwashe abin da ya rufta, a sake sabon lale. Da haka kwazazzabo ke tafiya da baya, yana hawa tudu alhali ruwan gangarowa yake.

14 ga Disamba, 2024

Mun hau dutsen da sassafe. Giranit ne, irin wanda ake fasawa a yi kankare, ya daskare daga narkakken dutse a can cikin ƙasa ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka shuɗe. Muna yara ana gaya mana tsirowa ya yi. Gaskiyar ita ce dutsen da ke kewaye da shi, mai yawan tsagogi, shi ne ya ruɓe aka kwashe shi sannu a hankali, wannan da ya fi ɗinkewa ya saura tsaye.

Shi ma ba a ƙyale shi ba. Bayansa yana ɓarewa falle-falle kamar albasa. In ka ƙwanƙwasa wani wuri da dutse sai ka ji amon rami, alamar fallen ya riga ya rabu da uwar. Nauyin da aka sauke masa daga sama ya ba shi damar tsagewa, zafin rana da sanyin dare suna ƙara buɗe tsagar, wutar daji da mafarauta ke sakawa ma tana taimakawa. Wani baure ya cusa saiwarsa cikin wata tsaga ya buɗa ta har hannu yana shiga. Amma babban aikin na ruwa ne, kuma a ɓoye yake yin sa. Ruwan sama yana da ɗan tsami da yake ɗaukowa daga iska da ruɓaɓɓen ganye. In ya kwana cikin tsaga, ƙwayoyin nan ja-ja sukan narke su koma yumɓu, baƙaƙen masu ƙarfe a ciki su yi tsatsa su rina ƙasa ja, fararen nan masu sheƙi kuwa ruwa ba ya iya musu, sai su zube su zama yashi. Yumɓun da mata ke ɗiba a fadama su gina tukwane da yashin da tifofi ke kwasa a korama uwarsu ɗaya, ga ta nan muna tsaye a kanta.

Abin da na fi so ɗalibai su riƙe shi ne jinkirin abin. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce santimita ɗaya na ƙasar noma yana iya ɗaukar har shekara 1,000 kafin ya samu. Tafin hannun nan na baƙar ƙasa da muka gani a bangon ramin ya girmi duk wani sarki da aka taɓa ambata a tarihin Rano.

Da muke saukowa na lura da gindin dutsen. Fuskar dutse ba ta shan ruwa, duk abin da ya zuba a kanta gangarowa yake lokaci guda. A da akwai kurmin geza da sabara da kalgo da ke tarbar ruwan. An sare an yi itace, an nome har jikin dutse.

11 ga Janairu, 2025

Hazo ya rufe gari, ba a hango dutsen daga kasuwa. Ba mu yi aikin komai ba, amma na sa ɗalibai sun ajiye faranti mai ɗan ruwa a kan rufin aji, bayan mako suka tarar da laka mai laushi a ƙasansa. Ƙurar nan ba ta garinmu ba ce. Mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take a arewacin Cadi, inda tsohon Tafkin Cadi ya taɓa kaiwa shekaru dubbai da suka wuce, sa'ad da yake ƙaton teku na ruwan daɗi. Da ya janye sai ya bar farar ƙasa mai sauƙi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar hunturu tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta ɗaga ta sama, wani kaso ya sauka a kanmu, wani ya ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon. Tsofaffi suna cewa in hunturu ya yi hazo sosai damina za ta yi albarka. Ba ni da hujjar ruwan sama a kan wannan, amma ƙurar tana ɗauke da sinadaran da shuka ke so, kuma kyauta take sauka a gona. Baƙin cikin shi ne ruwan farko ke wanke ta ya zuba a kwazazzabo.

25 ga Janairu, 2025

Mun gama bin sawun ruwan, yau muka kai wa taro rahoto. Hanya uku yake shigowa ramin. Akwai na dutse da ke bin gonakin gindinsa. Akwai na cikin gari, wanda ya ƙaru tunda rufin kwano ya maye gurbin na azara da ƙasa, kowane indararo yana zubawa a lungu, lungu ya kai wa burtali. Na ukun shi ne kwalbatin da aka yi lokacin gina titi: ruwan da a da yake bazuwa a faɗin fili an tattara shi baki ɗaya aka sako shi kan burtali, ba a yi masa ko shimfiɗar duwatsu a bakin fita ba.

Na yi musu lissafi a kan allo. Ruwan milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Ruwan milimita 50, irin wanda Agusta kan zubar cikin dare ɗaya, lita 500,000 ke nan a kowace hekta, wato jarka mai lita 25 guda 20,000. In gona ta sha rabi ta sako rabi, a ninka da yawan gonakin da ke saman ramin, sannan a gaya mini wace katanga za ta tare shi. Kuma ba sai an je nesa ba: katangar bulo da aka taɓa yi a bakin ramin shekarun baya tana nan kwance a ciki, ruwa ya zagaye ta ya ci gaba da harkarsa. Na ƙara da cewa in ruwa ya share kaurin milimita ɗaya tak daga hekta guda, abin da ido ba zai gani ba, ƙasar da ta tafi ta haura tan goma.

Gardamar ta tashi a kan kunya. Kusan kowa a gangaren nan yana huɗa daga sama zuwa ƙasa, kowane kwarin kunya ya zama magudana. Da na kawo a riƙa huɗa a gicciye, Sarkin Noma ya ce, “Malam, ka yi karatu, amma in kunya ta riƙe ruwa a Agusta gyaɗa ruɓewa take.” Na ce, “Ranka ya daɗe, gaskiya ne, to a fara da gonakin dawa.” Maganarsa tana da tushe, jar ƙasar nan in ta ƙoshi ba ta saurin tsanewa. Aka tsaya a kan za a juya kunyar dawa da masara, ta gyaɗa kuma a karkata ta kaɗan yadda ruwa zai fita a hankali. Kuɗin siminti an ajiye shi tukuna.

8 ga Fabrairu, 2025

Mun fara jeren duwatsu a gonakin gindin dutse. Dabarar ba tamu ba ce. Manoman Yatenga a Burkina Faso ne suka shahara da ita tun farkon shekarun 1980, yankin da marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da fako da ramukan taki har duniya ta san shi. 'Yan'uwanmu na jihar Tawa a Nijar sun yi irin wannan a Keita tun 1984, inda mata suka fi yawa cikin masu ɗaukar dutse, ga kuma tassa, wato ramukan shuka da ake zuba wa taki, da rabin wata, wato kunya mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, da suka bazu a Ilela da kewaye. Ruwansu bai kai namu yawa ba, shi ya sa ba mu kwaikwayi komai ido rufe ba: rabin wata na tara ruwa ne a inda yake ƙaranci, mu kuwa rage masa gudu muke nema.

Duk sirrin yana wajen samun layin da ya daidaita. In jeren ya karkata, ruwa zai bi shi ya taru a gefe ɗaya ya haifi sabon rami. Wani magini a kwamiti ya kawo tiyon nan garai-garai da suke daidaita gini da shi. Aka cika shi da ruwa, aka ɗaura kowane baki a jikin sanda mai zane. Mutum biyu suna tafiya, in ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, wuraren biyu tsayinsu ɗaya, a kafa tsinke. Kafin azahar yara 'yan firamare sun iya. Ana tona ɗan kwari a kan layin, a dasa manyan duwatsu a ciki, a cusa ƙanana ta gefen tudu. Ba a toshe shi ruf, ana so ruwa ya tsiyaye ya bar ƙasa a baya. Dutsen kuwa fallayen da suka ɓare suka faɗo gindi muke ɗiba da amalanke.

22 ga Fabrairu, 2025

Gayya. An fito ƙwai da ƙwarƙwata, da diga da shebur da kwanon sarki da baro, makaɗa suna zuga samari, mata sun kawo kunu da ɗanwake. Cikin ramin muka shiga, muka gina shingayen dutse a gicciye daga sama zuwa ƙasa, babu wanda ya wuce ƙugu. Kowanne an tona masa gindi an kuma cusa kafaɗunsa cikin bango hagu da dama. Tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa don ruwa ya haura ta nan, a ƙasansa kuma an shimfiɗa manyan fallaye inda ruwan zai faɗo. Tazarar ma da lissafi: saman na ƙasa ya yi daidai da gindin na samansa, yadda ramin zai koma matakala. Samari sun so a yi guda ɗaya ƙato da za a gani daga titi. Maginin ya ce musu, “Ku bari, ruwa ba a yi masa taurin kai, lallaɓa shi ake.”

Kan ramin ta wajen maƙabarta mun sare shi ya kwanta, muka shimfiɗe shi da dutse, don kada ruwa ya sake samun inda zai zubo tsaye.

15 ga Maris, 2025

Azumi da zafi. Aiki ya koma bayan asuba zuwa hantsi, tara dutse kawai.

12 ga Afrilu, 2025

Wani abu da ba mu sa a lissafi ba ya bayyana da muka bi ramin har inda ya haɗu da korama. Tifofi suna kwasar yashi a wurin tun kaka, cikin koramar ya yi zurfin da a da babu. Rijiyoyin da masu lambu ke tonawa a cikin yashi sun ƙafe da wuri bana. Abin da ya fi damuna shi ne bakin kwazazzabon yanzu a rataye yake sama da koramar, akwai tsalle tsakaninsu. Ruwa ba ya barin irin wannan tsalle. Zai ci ƙasan ramin har ya daidaita da koramar, cin kuma zai yi ta hawa sama, ya bi ta ƙarƙashin shingayenmu ɗaya bayan ɗaya.

Maganar tana da nauyi, domin yaran garin ne ke loda, kuma kuɗin da suke samu a rani shi ke riƙe gidaje da yawa. Ba zan iya cewa a hana su ci ba. Dagaci ya kira masu lodin, aka yi yarjejeniya za a bar wani tsawo sama da ƙasa da mahaɗar ba a taɓa ba, aka kafa duwatsu masu fenti. Kuɗin simintin nan da aka ajiye, wani kaso ya tafi wajen sayen ragar waya, muka cika ta da dutse muka ɗaure bakin ramin da ita.

10 ga Mayu, 2025

Mun zauna da Arɗo a ƙarƙashin tsamiya. A taronmu na farko an yi ta ɗora wa shanu laifi, kuma gaskiya kofato yana daddaɓe ƙasa ya kashe ciyawa. Sai dai Arɗo ya faɗi abin da kowa ya sani ba a son faɗa: burtalin nan a da yana da faɗin da garke zai bazu, manoma ne suka yi ta cinsa kunya bayan kunya, hagu da dama, har ya koma siririyar hanya da duk kofato ke faɗawa wuri ɗaya. Ya ce da Dagaci, “Ranka ya daɗe, in aka matse kogi ma ai haƙa yake.” Ba wanda ya musa. An yanke sabuwar hanya ta yamma inda ƙasa ta fi tsakuwa, masu gona biyu suka sadaukar da gefe, shi kuma ya ɗau alkawarin ba za a bar dabba ta shiga ramin ba har ciyawa ta kama.

Tushen jema da gamba muna tara su a inuwa kusa da rijiya. Jema daga fadama aka tono ta, saiwarta tana nutsewa tsaye cikin ƙasa, ba ta yaɗuwa ta cinye gona. Gamba kuwa ba sai an roƙi kowa ba, masu zana da jinka suna sonta.

Kwalbati ya fi ƙarfinmu, aikin injiniya ne. Akwai shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace yana cikin aikinsa. Kwamiti ya yanke a rubuta takarda da hotuna da awon rodinmu. Kafin nan mun jibge manyan duwatsu a bakin fitar ruwan.

2 ga Yuni, 2025

Ruwan shuka ya sauka. Kafin ɗigo ya faɗo iskar gabas ta taso da jar ƙura, ina kallo tana share saman gonakin da aka ƙone musu kara aka bar su tsirara. Gonakin da aka bar kara a kwance ba su tashi ba. Ruwan bai kai cikin ramin sosai ba, jeren duwatsun sun shanye shi. A bayan kowane jere an sami layin tarkace, kashin awaki da ganye da baƙar ƙasa, takin da a bara korama zai tafi.

21 ga Yuni, 2025

An dasa jema a bayan jeren duwatsu da kan gaɓa, gamba a bangon da aka kwantar. Bagaruwa da kalgo a gindin dutse. Akuyoyin gari sun fi shanun Arɗo ɓarna, Mai unguwa ya sa an yi shelar ɗaure dabbobi.

19 ga Yuli, 2025

Shekaranjiya da dare aka yi ruwa na gaske, gwangwanin awon makaranta ya kusa cika. Da gari ya waye muka shiga. Shingayen suna tsaye. Na farko daga sama ya cika har wuya, na tona bayansa da shebur don in ga abin da ya kama.

Ruwa ya tace kayansa da kansa. Can nesa da shingen, inda gudun ya fara karyewa, tsakuwa ce da burji. Matsowa kaɗan, yashi mai kaushi, fari, ƙwayoyin nan da ruwa ya gagara narkarwa a kan dutse. Dab da shingen yashi mai laushi, a samansa kuma ɓawon laka siriri mai santsi wanda ya sauka bayan ruwa ya kwanta, ya riga ya fara tsattsagewa yana nannaɗewa da rana. Da na yanka a tsaye sai ga hawa uku a jere, kowanne da kaushi a ƙasa da laushi a sama, ruwan sama uku ke nan tun farkon wata. Har ƙwayar dawa na gani ta tsira a ciki. Dalilin tacewar ba ɓoyayye ba ne: ƙarfin ruwa yana tafiya da gudunsa, in gudun ya ninka biyu ƙarfin ya ninka huɗu, in ya ragu kuwa dole ya sauke mafi nauyi tukuna. Laka ita ce ta ƙarshe, sai ruwa ya tsaya cik take sauka. Shi ya sa ruwan da ke haura shingen har yanzu ja ne. Yashi muke kamawa, amma mafi daraja, yumɓu da taki, yana wucewa. Wannan sai a gona za a tare shi, tun ɗigon ruwa bai fasa ƙasa ba.

16 ga Agusta, 2025

Marka ta kwana uku. Bangon yamma ya jiƙe ya yi nauyi ya rufto a wuri biyu ba tare da wani ruwa mai gudu ya taɓa shi ba. Shinge na huɗu ya tafi: bangon wurin ruɓaɓɓen dutse ne zalla, ruwa ya huda ta kafaɗa ya zagaye. Mun sake shi da ragar waya, muka cusa shi ciki sosai. Reshen firamare, wanda kwalbati ke ciyarwa, ya ci gaba da ci. Na maƙabarta shiru.

Wata dattijuwa mai lambu a fadama ta zo gida ta same ni. Ta ce, “Ɗan nan, ku da kuke sama kuna kukan ƙasa ta tafi, mu a ƙasa kukan ta zo muke.” Na bi ta na gani. Bakin fadamar, inda a da baƙar laka ce ta rake da shinkafa, yashi ya binne shi shekara da shekaru, yanzu sai tumfafiya. Ta nuna mini inda na bana ya tsaya, bai kai na bara ba, amma ya zo. Tunda muka fara aikin nan hankalina yana kan masu asarar gona a tudu, ga shi masu fadama ba su da ko wakili a kwamiti. An ƙara mutum biyu daga cikinsu.

Abin bai tsaya a fadamarmu ba. Ruwan ƙasar nan duk kogin Haɗeja yake nufa, ya bi ta Wudil da Ringim. Can ƙasa a dausayin Haɗeja da Nguru ƙasa ta baje, ruwa ya rage gudu, lakar da ta haura shingayenmu a irin wurin take sauka. Tunda aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa kowace shekara ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani, ciyawar kacala ta samu wurin zama. Kacala ta tare laka, laka ta ƙara wa kacala wuri, hanyoyi suka toshe, wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa wasu ya daina kai musu. Masunta da manoman can ba su san sunan garinmu ba, amma akwai ƙasarmu a cikin abin da suke haƙewa.

20 ga Satumba, 2025

Mun bi rodi ɗaya bayan ɗaya da tef. Reshen maƙabarta bai motsa ba, gamba ta rufe shimfiɗar dutsen har ba a ganinta. Reshen firamare ya ci kusan taku biyu, rodi ɗaya ma ya faɗa ciki. Shingaye uku na sama sun cika, ciyawa ta fito a kansu, wani ya riga ya tambaya ko zai iya dasa rogo a wurin. An ce a'a, sai an ƙara musu tsayi an ga damina ta biyu. Jema ta kama a mafi yawan wurare, ta mutu inda inuwar dawa ta rufe ta. A bayan jeren duwatsu ƙasa ta taru har ta kusa binne dutsen farko, dawar da ke wannan layin ta fi ta tsakiyar gona tsayi da duhun ganye, ana ganin bambancin daga hanya. Sarkin Noma ya zagaya ya duba gyaɗar da aka karkata wa kunya, ya tuge ɗaya ya ga ba ta ruɓe ba, ya ce a bari a ga buhu tukuna.

11 ga Oktoba, 2025

Taron ƙarshen damina. Masu gona bakwai da ba su shiga tun farko ba sun nemi a ja musu layi da tiyo bayan girbi. An amince kada a ƙone kara a gonakin da ke saman ramin, sai dai masu dabbobi sun ce karan abincin rani ne, don haka rabi za a kwashe a bar rabi, kuma Arɗo ya nemi a sanar da shi gonakin da abin ya shafa. Masu fadama sun kawo shawarar a dasa jema a bakin korama, an karɓa. Tifofi sun dawo tun makon jiya, ɗaya daga duwatsun iyaka ya ɓace, Dagaci zai sake kiran masu lodi ranar kasuwa. Takardar kwalbati an ƙara mata awon Satumba da hoton rodin da ya faɗa. Kafin amsa ta zo, za mu haƙa ramin kwantar da ruwa a bakin kwalbatin mu raba fitarsa gida biyu, maginin zai auna wurin ranar Asabar mai zuwa, amalanke huɗu sun yi alkawarin dutse.